Idan Makullin Mota Ya Maƙale: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Kira Makaniki

Makullin mota ba ya ƙin fita haka siddan. Duk ranar da ya maƙale, akwai abin da ya riƙe shi, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce, motar ce take yin aikin da aka ƙera ta ta yi. Abin da ke mayar da wannan 'yar matsala ta zama babban gyara shi ne ƙarfin hannu: a fizga, a jijjiga, a ɗauko filaya, sai makulli ya karye a ciki ko kayan cikin gidan makullin su lanƙwashe. Don haka kafin komai, sassauta hannunka, ja birkin hannu, ka kunna fitilar ciki ko ta wayarka, ka duba inda makullin ya tsaya.

A jikin gidan makullin akwai rubutu huɗu: LOCK, ACC, ON da START. Wasu motoci, irin su Honda da yawancin na Turai, lambobi suke sawa, 0, I, II da III, amma ma'anar ɗaya ce. Makulli ba ya fita sai a LOCK, wato 0. Wannan dubawar ita ce rabin aikin. In makullin ya tsaya a ACC ya ƙi ƙarasawa baya, to laifin ya fi karkata ga giya ko lantarki. In kuwa ya kai LOCK sosai amma ya ƙi zaruwa, laifin yana jikin makullin ko cikin gidansa. Hanya mai sauƙi ta tantancewa ita ce rediyo. A yawancin motoci, matuƙar rediyo yana magana bayan inji ya mutu, makulli bai kai LOCK ba, ko da a ido kana ganin ya kai.

Akwai kuma abin da sabon mai mota kan manta. A Toyota da Honda da yawa, musamman masu kuloci, sai ka ɗan danna makullin ciki sannan ya yarda ya wuce daga ACC zuwa LOCK. Wasu tsofaffin motoci kuma suna da ɗan maɓalli a gefen gidan makullin da ake dannawa. Wanda ya ari motar ɗan'uwansa ya fara gwada wannan.

Giya ce ta fi yawan laifi

Mota mai giyar otomatik ba ta sakin makulli sai giya na kan P. A Amurka doka ce tun farkon shekarun 1990, don kada direba ya zare makulli ya fita mota ta gangara, kuma galibin Camry da Corolla da Accord da ke shigo mana ta Legas da Kwatano daga can suke. Yadda abin yake aiki shi ne, a gindin sandar giya akwai ɗan swici da ke shaida cewa sandar ta zauna a P daram. A jikin gidan makullin kuma akwai wani ɗan maganaɗisun lantarki, masu wayarin na ce masa solanoyid, mai tura 'yar ƙusa ta tare makullin kada ya koma LOCK. Sai swicin ya ba da shaida ƙusar take janyewa. Wasu motocin ba lantarki ba ne, siririn kebul ne ya taso daga sandar giya zuwa gidan makulli, yake wannan aikin.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Kana iya ganin harafin P ya haska a gabanka, amma makulli ya ƙi fita. Dalili kuwa, a motoci da yawa hasken P daga wani swici yake zuwa wanda ke jikin giyar kanta a ƙasan mota, shi kuwa sakin makulli daga na gindin sanda. Ɗaya na iya yarda ɗaya ya ƙi.

Taka birki, tayar da motar, kai giya D, dawo da ita N, sannan ka tura ta P da ɗan nauyin hannu har ka ji ta zauna. Kashe inji. In makulli bai koma ba, riƙe sandar ka tura ta gaba da hannu ɗaya, ɗaya hannun kana murɗa makullin a hankali. Kasa kunne. A mota mai lafiya, duk sa'ad da sandar ta shiga P ko ta fita, kana iya jin wani ɗan "ƙas" daga wajen sitiyari. Wannan solanoyid ne. In ka ji shi, swici na aiki. In shiru, ka san inda za ka nema.

Duba maɓallin da ke kan sandar, wanda kake matsawa da yatsa kafin ka sauya giya. Dole ya dawo waje gaba ɗaya bayan ka sake shi. In ya noƙe ko da kaɗan ne, motar tana ɗauka har yanzu kana shirin sauya giya, ba za ta ba ka makulli ba. Lemo ko zobo da ya zube ya bushe a wurin yana jawo wannan, haka ƙurar da ta haɗu da tsohon giris. Ciro shi da farce, ka matsa ka saki sau da yawa. Sannan leƙa ramin da sandar ke tafiya a ciki. Murfin biro, tsinken sakace, ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, duk suna faɗawa can su hana sandar ƙarasa ɗan taƙin da ya rage. Motar da ke kai yara makaranta ta fi kowace fama da wannan.

In ka yi fakin a gangare ba tare da ka ja birkin hannu ba, nauyin motar duka yana kan ɗan ƙarfen da ke kulle giya a P, sandar kuma takan cije. Maganinsa a gaba shi ne ka tsaya, ka kai giya N, ka ja birkin hannu, ka saki birkin ƙafa motar ta zauna, sannan ka sake taka birki ka sa P. In sandar ta ƙi motsi sam, a gefenta akwai ɗan murfi, wani lokaci an rubuta SHIFT LOCK. A ɓalle shi da bakin sukudireba, a danna abin da ke ciki, ƙafa na kan birki, sandar za ta saki. Ka kuma sa wani ya duba maka fitilun birki. In ba sa kamawa, swicin birki ne ko fiyus ɗinsa, shi ne ya hana sandar fita.

Batir yana da hannu a wannan sha'ani, amma ta fuska biyu da suka saɓa wa juna, kuma sanin bambancin yana da amfani ƙwarai. A wasu motoci, ciki har da na General Motors da yawa, sai da wuta ƙusar take janyewa, saboda haka in batir ya mutu makulli ya kamu. Alamarsa fitilu sun dushe, oda ba ta kuka, ko kan batir ya yi farin gari ya saki. A ɗaure kan batir, ko a jona da na wata mota, makulli zai fito. A yawancin Toyota da Honda kuwa akasin haka ne, wuta ce take riƙe ƙusar. Don haka in ka kwance kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi, da sifana mai lamba 10 a mafi yawan motoci, sai ƙusar ta saki makulli ya koma LOCK. Wannan gwaji ne mai kyau. In makullin ya fito da zarar an cire batir, gidan makullinka lafiyarsa ƙalau, kada ka bari kowa ya sayar maka da sabo. A nemi laifin a swicin gindin sanda, ko wayarsa, ko saitin kebul ɗin giya da robarsa ta cinye. Sai dai ka tuna cewa rediyon wasu Honda yana neman lambar sirri bayan an cire batir.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Gyaran da ya fi saurin zuwa hannun wasu masu wayarin shi ne su zare soket ɗin solanoyid su bar shi a zare. Minti biyar an gama, makulli na fita lafiya. Amma daga ranar makullin zai fita ko giya na kan D ko N. Wata rana cikin gaggawa za a kashe mota a ƙofar gida, a zare makulli, a shige, motar ta sulale, ga yara na wasa a layi. Ba ƙaramin abu ba ne. A 2010 kamfanin Honda ya janye motoci kusan 384,000 a Amurka, Accord da Civic na 2003 da Element na 2003 da 2004, saboda wannan makarin yana cinyewa har makulli ya fita giya ba ta kan P. Abin da kamfani ya kashe maƙudan kuɗi don ya gyara, bai kamata mu biya a yi mana shi da gangan ba. A zare soket don a samu a kai mota gida, babu laifi. Amma ka tambaya ƙarara: "Malam, gyarawa ka yi ko cire waya ka yi?" In cirewa ce, ku sa ranar mayarwa.

Maganar sitiyari gajeriya ce. Kowa zai ce maka ka girgiza sitiyari, kuma shawara ce mai kyau, sai dai ta fi aiki idan makulli ya ƙi murɗuwa za a tayar da mota, lokacin da ƙarfen kulle sitiyari ya cije saboda taya ta tokare dakali ko dutse. Ja sitiyarin zuwa ɓangaren da yake ɗan motsawa, ka riƙe shi a nan, ka murɗa makullin da yatsu biyu. Gwada shi ko wajen zarewa ne, ba ya cin komai. In bai yi ba sau biyu ko uku, ba nan matsalar take ba.

Idan ya kai LOCK amma ya ƙi zaruwa

A cikin gidan makullin akwai silinda mai juyawa, a jikinta an jera wasu 'yan siraran faya-fayen tagulla, kowanne da ɗan sifirin a ƙarƙashinsa. Haƙoran makulli ne ke daidaita su su shige ciki, silinda ta samu ta juya. Wajen zare makulli kuwa, dole kowane faifai ya hau ya sauka bisa tudun haƙoran, kuma ba su da sararin yin haka sai a LOCK. In faifai ɗaya ya lanƙwashe, ko sifirinsa ya karye, ko datti ya cika ramin da zai shiga, sai ya kama makullin. Haka in makullin ya ɗan tanƙware, ko bakinsa ya yi kaifi saboda cinyewa. Makullan Honda na shekarun 2000 sun yi suna wajen wannan a wurin masu gyaran makulli, domin faya-fayensu rabi-rabi ne, ƙanana, suna saurin cinyewa.

Abin yi shi ne lallashi. Tura makullin ciki tukuna, ka mayar da shi ACC, ka dawo da shi LOCK, sannan ka ja shi a miƙe kana ɗan kaɗa shi sama da ƙasa, kaɗawar da ba ta wuce ta yatsu ba. Kana iya ƙwanƙwasa kan makullin a hankali da ƙotar sukudireba, don faifan da ya maƙale ya faɗa mazauninsa. Ƙwanƙwasawa na ce, ba duka ba.

In bai saki ba, sai a sa masa abin da zai sa ya yi santsi, kuma a nan ake yawan ɓarna. Kada ka zuba baƙin mai, ko man birki, ko giris, balle man gyaɗa. Yau zai yi daɗi, amma da hunturu ya kama, ƙura ta sami mai, sai su kwaɓe a ciki kamar tuwon ƙasar yara, faya-fayen su daina motsi. Abin da ya dace shi ne feshin wanke kayan lantarki, wanda ke bushewa nan take, a fesa ta siririn bututunsa a gefen makullin, a bar shi ya ɗan jima, a sake gwadawa. Bayansa a sa busasshen abu, wato feshin da aka yi don makullai ko garin bakin fensir kaɗan. In WD-40 kaɗai ke hannu, zai iya fitar da kai daga halin da kake ciki, amma fesawa kaɗan, kuma a wanke wurin daga baya. Sa tsumma a ƙasa ya tare abin da zai ɗiga.

Da makullin ya fito, kada ka mayar da shi sai ka dube shi. Kwantar da shi a kan gilashi ko tebur mai santsi ka ga ko ya tanƙware. Duba wuyansa, inda ƙarfe ya haɗu da roba, ko akwai tsaga. Jera shi da na ajiya ka ga bambancin haƙoransu. Makullin da ya tsage a wuya ya gama aiki, ko da yana tayar da mota.

In kuwa ya riga ya karye a ciki, abu biyu ne haramun: tura guntun da sauran rabin don a tayar da mota, da kuma shafa gam mai kamawa nan take a kan tsinke don a manno shi. Gam ɗin yana bin gefe ya kama faya-fayen, garin neman gira a rasa ido. In guntun ya leƙo, a kama shi da filaya mai tsinin baki a ja a miƙe. In ya nutse, mai gyaran makulli yana da siraran ƙarafa masu ƙugiya da yake zurawa ta gefe ya jawo shi, kuma ko shi sai silinda na kan LOCK.

Wani yanayin kuma ba ya jiran lallashi. In makulli ya tsaya a START bai dawo ba, kik zai ci gaba da juyawa, za ka ji ƙara mai kaifi, kuma cikin ɗan lokaci zai ƙone, wayoyi su yi zafi. Mayar da makullin baya da hannu nan take. In ya ƙi, kik na ta gurnani, a cire kan batir. Amma idan inji ne kawai ke tafiya makulli ya ƙi barin ON, cire batir ba zai kashe shi ba, domin altaneta na ba shi wuta, kuma hakan na iya lalata ƙwaƙwalwar motar. Sai a buɗe akwatin fiyus a zare na famfon mai, ko wanda aka rubuta EFI a Toyota, inji zai mutu da kansa. Mai kuloci kuwa ya taka birki sosai, ya sa babbar giya, ya saki kuloci a hankali.

In dare ya yi dole a bar motar da makulli a jiki, cire kan batir don kada ya tsiyaye kafin safiya, cire sauran makullan gida daga zoben, rufe wurin da tsumma, ka kulle ƙofa da makullin ajiya da hannu, domin motoci da yawa ba sa karɓar rimot muddin makulli na ciki. In da hali, a tura ta cikin gida ko kusa da mai gadi.

A wurin mai gyara

Lokacin da ya fi dacewa a kai mota shi ne tun makulli yana murɗuwa. A Toyota da yawa, ana kai makulli ACC ne a danna wata 'yar ƙusa a jikin gidan, silinda ta zaro cikin sauƙi. Ranar da makulli ya daina juyawa, sai an kai ga huda ko sassaƙe ƙusoshin da aka yi su ba kai, aiki ya ninka, kuɗi ya ninka. Duk wanda zai buɗe robar da ta rufe wuyan sitiyari ya fara cire batir ya jira minti uku, kuma ya nisanci duk waya ko soket mai launin rawaya, na jakar iskar kariya ne.

Ra'ayina, in silindar asali tana gyaruwa, gyara ya fi sauyi. Gwanin makulli zai zare ta, ya wanke, ya sauya faya-fayen da suka cinye, ka ci gaba da makulli ɗaya na ƙofa da na tayarwa. Ka lura da mai zare faya-fayen ya zubar don aiki ya yi sauri, domin kowane faifai da aka cire yana ƙara yawan makullan da za su iya murɗa motarka. In sai an sauya, ana samun na Beljiyam a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, amma tsohon gidan makulli shi ma ya sha nasa aikin, a gwada shi da makullinsa sau da yawa kafin a biya. Ka kuma sani cewa motoci da yawa da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau suna da ɗan guntun na'ura a cikin robar kan makulli, da zoben da ke karanta shi a bakin gidan makullin. Sabon makulli zai murɗa, kik ya juya, amma inji ba zai tashi ba sai an haɗa shi da ƙwaƙwalwar motar ta kwamfuta, ko an mayar da tsohon guntun cikin sabon kai. Saboda haka kada ka yar da kan makullin da ya karye.

Shi kuma tarin makullan da muke ratayawa, na shago da na gida da na ofis da abin yankan farce, nauyinsu na jan makullin ƙasa a duk ramin da mota ta faɗa, yana cin faya-fayen a hankali. A 2014, da General Motors ya janye motoci miliyan 2.6 saboda swicin da ke iya zamewa daga ON mota na tafiya, matsalar da aka danganta da mutuwar mutum 124, abin da ya fara gaya wa masu motocin shi ne su cire komai daga zoben su bar makulli shi kaɗai. Raba makullin mota da sauran, kuma kada ka buɗe kwali ko gwangwani da shi.

In makulli ɗaya tak kake da shi, ko wanda kake riƙe da shi an kwafo shi ne daga wani kwafin, je ka a yanka maka sabo tun wannan yana aiki. Ka nemi mai injin da ke yanka bisa lambar makullin ko ma'aunin asali, ba mai bin sawun haƙoran da suka cinye ba, ka gwada shi a ƙofa da gidan makulli a gabansa, sannan ka ajiye ɗaya a gida inda iyali suka sani.